Ɗafin Matsayi da Ɗafin Mallaka a Harshen Karacai-Balkar: Matsayi Biyar Ne Ko Shida?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanci nahawun Larabci, ko da a zaure ne, ya san abin da ake kira i'irabi, wato yadda ƙarshen suna yake sauyawa gwargwadon aikin da sunan yake yi a cikin jimla: kitabun a halin raf'u, kitaban a halin nasbu, kitabin a halin jarru. Hausa ba ta da irin wannan tsari. Ko Audu ne ya yi duka, ko shi aka daka, ko wajensa aka nufa, sunan nan Audu yana nan yadda yake. Wurin da ya zauna a jimla da haruffan da suka gabace shi su ne ke bayyana aikinsa. Saboda haka ɗalibin Hausa yakan ɗauka cewa sauyin ƙarshen suna wani abu ne da Larabci ya keɓanta da shi, alhali kuwa akwai harsuna da dama da suka fi Larabci nisa a wannan fage.

Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan harsuna, wato Karacai-Balkar. Za a yi amfani da kalmar "matsayi" a madadin i'irabi, sannan a kira ɗafa-ƙeyar da ke nuna shi "ɗafin matsayi". Littattafan nahawun wannan harshe sun daidaita a kan cewa suna yana da matsayi shida. Amma wanda ya dubi jerin ɗafe-ɗafen da kansa zai tarar da siffofi biyar ne kawai, domin biyu daga cikin shidan kamarsu ɗaya, babu bambanci ko na wasali guda. To, shin masu nahawun sun yi ƙari ne don su bi sawun sauran harsunan dangi, ko kuwa suna da hujja daga cikin harshen kansa? Maƙasudin maƙalar shi ne ta nuna cewa hujjar tana nan, sai dai ba a ganin ta sai an haɗa ɗafin matsayi da ɗafin mallaka an nazarce su tare.

1.1 Harshen da Masu Shi

Karacai-Balkar yana cikin dangin harsunan Turkawa, a reshen da ake kira Kipcak, kuma makusantansa su ne Kumik da Karaim da Tatarancin Kirimiya. Al'ummu biyu ne suke magana da shi, Karacai da Balkar, waɗanda suke zaune a kwaruruwan arewacin tsaunukan Kaukasus a ƙasar Rasha, tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kaspiyan. Dutsen Elburus mai tsawon mita 5,642, wanda su suke kira Mingi Taw, shi ne a tsakaninsu: Karacai suna yamma da shi a jamhuriyar Karacai-Cerkesiya, Balkar kuwa suna gabas a Kabardino-Balkariya. Ƙidayar Rasha ta 2010 ta nuna masu jin harshen sun ɗan haura 300,000. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta kwashe Karacai kaf a watan Nuwamba na 1943, ta kwashe Balkar a watan Maris na 1944, aka watsa su a Kazakistan da Kirgizistan, ba a bar su sun koma gida ba sai a 1957. Musulmi ne, don haka mai jin Hausa zai ci karo da kalmomin da ba baƙi ba ne a kunnensa: kitap 'littafi', qalam 'alƙalami', ders 'darasi', ustaz 'malami', zaman 'zamani', duniya 'duniya'.

An fara rubuta harshen da haruffan Larabci, aka koma haruffan boko a shekarun 1920, sannan aka mai da shi kan haruffan Sirilik irin na Rashanci a ƙarshen shekarun 1930, kuma da su ake rubuta shi har yanzu. A nan an mai da misalan zuwa boko don sauƙin karatu. Haruffan c da sh da j suna nan kamar na Hausa. Q da gh da kh suna wakiltar sautuka makusantan ƙaf da gain da kha na Larabci. Ŋ ɗan hancin nan ne da ake ji a ƙarshen "can". Wasalin ı kuwa ana furta shi ne kamar u amma ba tare da kewaya leɓɓa ba, ö da ü kuma su ne e da i idan an kewaya leɓɓa. Akwai bambancin karin harshe, misali kalmar 'saurayi' jash ce a bakin Karacai amma zash a kwarin Cerek na Balkar, sai dai wannan bai taɓa abin da ake magana a kai ba.

2.0 Jituwar Wasula

Kafin a shiga ɗafe-ɗafen ya wajaba a san cewa kowane ɗafi yana da fuska fiye da ɗaya, kuma wasalin ƙarshe na saiwa shi ne ke zaɓen fuskar. Wasulan harshen takwas ne, huɗu na ƙurya (a, ı, o, u), huɗu na gaba (e, i, ö, ü). Idan saiwa ta ƙare da wasalin ƙurya ɗafi ma na ƙurya zai ɗauka, idan na gaba ne ya ɗauki na gaba. Ɗafin da wasalinsa na ƙasa ne fuska biyu gare shi, a ko e. Wanda wasalinsa na sama ne kuwa fuska huɗu gare shi, ı, i, u, ü, domin shi yana lura har da kewayar leɓɓa. Wannan ne dalilin da ya sa ɗafi guda yake fitowa kamar haka:

(1) at-nı (at 'doki'), el-ni (el 'ƙauye'), qol-nu (qol 'hannu'), üy-nü (üy 'gida')

Ke nan nı, ni, nu, nü ƙwayar ma'ana ɗaya ce mai fuska huɗu, kuma duk inda aka ambaci -nı a gaba ana nufin dukansu.

3.0 Ɗafin Matsayi

Ga matsayi shidan kamar yadda nahawun harshen ya jera su, da sunayen da aka ba su a wannan maƙala:

(2) tushe: at, üy
nasaba: at-nı, üy-nü
karɓau: at-nı, üy-nü
dosa: at-kha, üy-ge
zama: at-da, üy-de
tasowa: at-dan, üy-den

Matsayin tushe ba shi da ɗafi. Shi ne siffar aikau, kuma masu harshen suna kiran sa bash bolush, daga bash 'kai'. Uku na ƙarshe su ne masu nuna wuri, kuma aikinsu a fili yake: elge bardım 'na tafi ƙauye', elde jashayma 'ina zaune a ƙauye', elden keldim 'na zo daga ƙauye'. Abin da Hausa take yi da "zuwa" da "a" da "daga" a gaban suna, shi wannan harshe yake yi da ɗafi a ƙeyar suna. Matsayin dosa har ila yau shi ne na wanda aka yi wa abu ko aka bai wa abu: ustaz sabiyge kitapnı berdi 'malami ya ba yaro littafin'. Shi ne kuma ya fi sauran yawan fuskoki, domin baƙinsa yana nashewa da baƙin da ya gabace shi: tawgha 'zuwa dutse', tashkha 'ga dutsen jifa', itge 'ga kare', künŋe 'ga rana'. Matsayin tasowa yana da wani aiki da ya cancanci a ambata, shi ne kwatanci. Inda Bahaushe zai kawo aikatau "fi", su tasowa suke sawa: at qoydan ulludu, a zahiri 'doki daga tunkiya babba ne', wato doki ya fi tunkiya girma.

Matsayin karɓau yana da sharaɗi. Ba kowane karɓau ne yake ɗaukar -nı ba, sai wanda aka riga aka san shi. A kwatanta:

(3) a. Men kitap oquyma. 'Ina karanta littafi.'
b. Men kitapnı oquyma. 'Ina karanta littafin.'

A (3a) ba wani littafi takamaimai ake nufi ba, don haka sunan ya zauna a siffar tushe. A (3b) kuwa mai magana da mai sauraro duk sun san littafin. Da yake harshen ba shi da madanganci irin -n da -r na Hausa, wannan ɗafi ya ɗauke masa wani kaso na aikin.

To, a nan ne matsalar ta taso. Matsayin nasaba, wanda suke kira iyelikci bolush daga iye 'mai abu', shi ma -nı ne. Kalmar qıznı tana iya zama 'yarinyar' da aka gani, tana kuma iya zama 'na yarinyar'. Haka abin yake har a wakilin suna: meni 'ni' ne a meni kördü 'ya gan ni', kuma 'nawa' ne a meni atım 'dokina'. Haka seni, anı, bizni, sizni, alanı.

Ba haka abin yake a yawancin 'yan'uwan harshen ba. A Tataranci nasaba qıznıŋ ce, karɓau kuma qıznı. A Turkanci kızın da kızı ne. Da an dubi siffar Tataranci za a gane abin da ya faru: ɗafin nasaba na dangin yana ƙarewa da ɗan hanci, Karacai-Balkar kuwa ya shafe wannan ɗan hanci, sai abin da ya rage ya faɗa daidai kan ɗafin karɓau. Maƙwabcinsa Kumik ma haka ya yi. Tarihi ke nan ya bayyana yadda aka yi siffofin suka haɗe. Amma tarihi shi kaɗai ba zai zama hujjar ƙirga su biyu a yau ba, domin yaron da ya tashi a kwarin Baksan bai san Tataranci ba, abin da kunnensa ya ji shi ne nahawunsa.

4.0 Ɗafin Mallaka

Kamar yadda Hausa take da 'yar mallaka (dokina, dokinka, dokinsa), haka wannan harshe yake liƙa mai abu a ƙeyar abin da ya mallaka:

(4) at 'doki': atım, atıŋ, atı, atıbız, atıghız
üy 'gida': üyüm, üyüŋ, üyü, üyübüz, üyügüz
ata 'uba': atam, ataŋ, atası, atabız, ataghız

Jerin ya fara da mutum na ɗaya tilo, sai na biyu tilo, sai na uku, sannan na ɗaya da na biyu jam'i. Idan saiwa ta ƙare da baƙi sai wasalin sama ya shigo ya raba, idan ta ƙare da wasali babu bukatarsa, sai dai mutum na uku yana jawo s, kamar a atası. Baƙaƙen p, k, q na ƙarshen saiwa sukan sami ziza idan wasali ya biyo su: kitap ya koma kitabım 'littafina', eshik 'ƙofa' ta koma eshigi 'ƙofarsa', ayaq 'ƙafa' ta koma ayaghım 'ƙafata'.

Bambanci biyu ne manya tsakanin wannan da na Hausa. Na farko, babu jinsi ko kaɗan. Wakilin suna ol 'shi' ne kuma 'ita' ce, atası 'ubansa' ne kuma 'ubanta', sannan babu abin da ya yi kama da bambancin gidana da rigata. Na biyu, kuma shi ne ya fi muhimmanci a nan, shi ne yadda ake haɗa suna da suna. Hausa tana gabatar da abin da aka mallaka, ta liƙa masa mahaɗi, ta bar mai abu fayau: ƙofar gida, uban yarinya. Karacai-Balkar yana gabatar da mai abu ne, kuma yana yi wa kowane ɓangare tasa alamar:

(5) a. üy-nü eshig-i 'ƙofar gidan'
b. qız-nı ata-sı 'uban yarinyar'
c. biz-ni til-ibiz 'harshenmu'

A zahiri (5a) cewa take yi 'na gidan, ƙofarsa'. Mai abu ya ɗauki ɗafin nasaba, abin mallaka ya ɗauki ɗafin mallaka, kamar igiyar da aka ɗaure ta baki biyu. Idan ba mallaka ake nufi ba, bayanin iri ne kawai, sai a jera sunayen ba ɗafi: tash üy 'gidan dutse', ana til 'harshen uwa', malqar til 'harshen Balkar'.

Akwai wani abu game da jam'i da bai kamata a wuce shi ba. Ɗafin jam'i a wannan harshe -la ko -le ne: atla 'dawaki', üyle 'gidaje', sabiyle 'yara'. Haka yake zama kafin ɗafin matsayi: atlanı, atlagha, üylede, üyleden. Amma da zarar ɗafin mallaka ya biyo shi sai wani r ya ɓullo: atlarım 'dawakina', üyleribiz 'gidajenmu', sabiyleri 'yaransa'. Wanda ya san Turkanci zai gane r ɗin nan na -lar da -ler. Bai ɓace daga harshen ba, ɓuya ya yi, kuma ɗafin mallaka ne yake tono shi. A riƙe wannan, domin irinsa ne zai sake faruwa a kan matsalar da ake bi. Jerin ɗafe-ɗafen kuwa ba ya sauyawa: saiwa, jam'i, mallaka, matsayi, kamar a üy-ler-ibiz-den 'daga gidajenmu'. Shi atları yana iya zama 'dawakinsa' ko 'dawakinsu', sai an sa wakilin suna, anı atları ko alanı atları, kafin a rabe.

5.0 Haɗuwar Ɗafin Biyu

Idan ɗafin matsayi ya hau kan ɗafin mallaka ba koyaushe yake fitowa yadda aka gan shi a (2) ba. Abin ya kasu uku.

Bayan mutum na ɗaya da na biyu jam'i babu wani sauyi: atabıznı, atabızgha, atabızda, atabızdan. Nasaba da karɓau suna nan a haɗe.

Bayan mutum na ɗaya da na biyu tilo, baƙin farko na ɗafi yana faɗuwa a nasaba da karɓau da dosa. Ba a cewa atamnı ko atamgha, sai atamı da atama; haka üyümü da üyüme, ataŋı da ataŋa. Nan ma ba a sami rabuwa ba: atamı kördüm 'na ga ubana', atamı üyü 'gidan ubana'.

Bayan mutum na uku kuwa ga abin da ake samu:

(6) tushe: atası, üyü
nasaba: atasını, üyünü
karɓau: atasın, üyün
dosa: atasına, üyüne
zama: atasında, üyünde
tasowa: atasından, üyünden

A nan siffofi shida ne cif, kowace daban. Atasın kördüm 'na ga ubansa' ne, amma 'gidan ubansa' sai an ce atasını üyü. Ba a musanya su. Haka a jam'i: atların 'dawakinsa' da aka yi wa abu, atlarını 'na dawakinsa'. Ke nan mai magana da harshen, ba tare da ya san tarihin komai ba, yana rarrabe nasaba da karɓau a bakinsa kullum, domin da wuya a yi zance mai tsawo ba a ambaci "ubansa" ko "gidanta" ko "ƙofarsa" ba. Ba a wani lungu da ba a cika shiga ba ne bambancin ya maƙale, a kan babbar hanya yake.

Wannan ita ce hujjar masu cewa shida, kuma hujja ce mai ƙarfi. Nahawun Larabci ma da irinta yake aiki. A jam'in maza lafiyayye ana cewa muslimuna a raf'u, amma muslimina a nasbu da jarru gaba ɗaya, kuma ba a taɓa jin malamin nahawu ya ce don haka i'irabin suna biyu ne ba, tun da a tilo ukun suna fita daban-daban. Bambancin kawai shi ne a Larabci rabuwar ce ta fi yawa haɗewar ta zama togaciya, a Karacai-Balkar kuwa haɗewar ce ta fi yawa. Amma ƙa'idar ɗaya ce: muddin akwai muhallin da harshe yake raba abu biyu a kai a kai, to abu biyu ne, ko da sun yi kama a sauran wurare. A Hausa ma an san irin wannan. A rubutun yau da kullum "gidan" na "gidan Audu" da "gidan" na "na ga gidan" ba su da bambanci, amma ba wanda zai ce mahaɗi da madanganci abu ɗaya ne, domin karin sauti ya raba su, muhallinsu ma ya raba su.

5.1 Matsalar n

Sai dai jeri na (6) ya haifar da wata tambaya. Baƙin n da ya bayyana a siffofi biyar daga cikin shida, na wane ne? Ana iya yanka kalmomin ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce a ce ɗafin mallaka -sı ne kawai, sauran duk na matsayi ne: atası-nı, atası-n, atası-na, atası-nda, atası-ndan. Wannan yana da sauƙin koyarwa, amma yana tilasta a ƙirƙiro sabon jerin ɗafe-ɗafen matsayi guda huɗu (-n, -na, -nda, -ndan) waɗanda ba a ganin su ko'ina sai a nan, kuma ba ya bayyana dalilin da ya sa dukansu suka fara da baƙi ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a ce n ɗin na ɗafin mallaka ne, wato asalinsa -sın, kuma yana shafewa ne idan babu abin da ya biyo baya a matsayin tushe. Idan aka bi wannan, yankan zai zama atasın-ı, atasın-a, atasın-da, atasın-dan. Nan take sai a ga sun yi layi ɗaya da atam-ı, atam-a, atam-da, atam-dan, ba a ƙirƙiro komai ba. Wannan hanya ta fi tsimi, kuma ta dace da abin da aka riga aka gani game da r na jam'i, wato baƙin ƙarshe da yake ɓuya a wani muhalli ya fito a wani. Wakilin suna ol ma yana goyon bayanta, domin a sauran matsayi n yake fitarwa: anı, anda, andan. Sai dai ita ma tana da nata tsada. Tilas a ce karɓau atasın ba shi da ɗafin matsayi ko kaɗan, abin da ya raba shi da tushe atası shi ne kawai n bai faɗi ba. Wato alamar karɓau a nan rashin shafewa ce, wanda abu ne da ba kowane mai nazari zai karɓa da daɗin rai ba. Duk da haka, idan aka auna, togaciya ɗaya ta fi huɗu sauƙin ɗauka. Ko ma wace hanya aka bi, atasın da atasını ba su zama ɗaya ba.

5.2 Yadda Mai Sauraro Yake Rabewa

Saura tambaya ta aiki: a inda siffofin suka haɗe, yaya ba a rikicewa? Amsar tana cikin ɗaurin baki biyu da aka gani a (5). Sunan da ke matsayin nasaba ba ya tsayawa shi kaɗai, dole wani suna mai ɗafin mallaka ya biyo shi. Don haka wanda ya ji qıznı sai ya jira kalma ta gaba:

(7) a. Qıznı kördüm. 'Na ga yarinyar.'
b. Qıznı atasın kördüm. 'Na ga uban yarinyar.'
c. Qıznı atasını üyün kördüm. 'Na ga gidan uban yarinyar.'

A (7a) aikatau ne ya biyo, saboda haka karɓau ne. A (7b) suna mai ɗafin mallaka ne ya biyo, saboda haka nasaba ce, kuma siffar atasın ta sanar cewa sarƙar ta ƙare a nan. A (7c) atasını ya sanar cewa da sauran magana, üyün ne ya rufe. Abin lura shi ne, a cikin irin wannan sarƙa kalmar farko ce kaɗai take da shubuha. Duk waɗanda suka biyo ta suna ɗauke da ɗafin mutum na uku, wato suna cikin muhallin da bambancin yake raye. Mai yiwuwa wannan ne ya sa harshen ya iya jure asarar ɗan hancin nasaba ba tare da ya nemi wani abin maye ba: nauyin da ɗafin nasaba ya sauke, ɗafin mallaka ya riga ya ɗauke shi.

Ba za a ce shubuha ta ƙare ƙaf ba. Jimlar qıznı atası kördü tana karɓar fassara biyu. Idan qıznı nasaba ce, ma'anar ita ce 'uban yarinyar ya gani'. Idan kuma karɓau ne da aka gabatar don ƙarfafawa, ma'anar ta zama 'yarinyar, ubanta ne ya gan ta'. Tataranci ba zai shiga wannan ruɗu ba, tun da qıznıŋ da qıznı sun bambanta. A Karacai-Balkar kuwa abin da ke taimakawa shi ne jerin kalmomi na yau da kullum, wanda yake aikau, karɓau, aikatau, sai kuma zancen da ya gabata.

6.0 Wasu Gine-ginen da Suka Dogara da Wannan Haɗi

Harshen ba shi da haruffan da ke gabatar suna irin "a" da "daga" da "don". Abin da yake da shi kalmomi ne masu biyo suna, kowace da matsayin da take nema: iŋirge deri 'har yamma' da dosa, dersden sora 'bayan darasi' da tasowa, seni ücün 'dominka', meni bla 'tare da ni'. Amma wajen fayyace wuri sosai, sunaye yake amfani da su, kuma a nan ne ɗafe-ɗafen uku suke haɗuwa a gini guda:

(8) a. üynü icinde 'a cikin gidan'
b. üynü allında 'a gaban gidan'
c. üynü artında 'a bayan gidan'
d. tawnu bashında 'a kan dutsen'

A (8d) tawnu nasaba ce, bash 'kai' ne, sai ɗafin mallaka da n ɗinsa, sai -da na zama: 'na dutsen, a kansa'. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin "kan" ɗin da ke cikin "a kan dutse" ba komai ba ne illa "kai" da mahaɗi, kamar yadda "cikin" yake "ciki" da mahaɗi. Harsunan biyu ba su haɗa dangi ba, amma duk sun ɗauki sassan jiki da sunayen ɓangarori sun auna wuri da su, bambancin dai shi ne ɗaya ya fara daga inda ɗayan ya ƙare. Da yake waɗannan sunaye ne na sosai, suna karɓar sauran matsayin wuri: üynü icine 'zuwa cikin gidan', üynü icinden 'daga cikin gidan'. Suna kuma karɓar kowane mutum: allımda 'a gabana', artıbızda 'a bayanmu'.

Mallakar abu ma da wannan haɗi ake faɗin ta, domin babu aikatau na musamman da ke nufin mallaka. Ana cewa meni atım bardı, a zahiri 'nawa dokina akwai', wato ina da doki; korewarsa kuma meni atım joqdu 'ba ni da doki'. Idan abin yana hannun mutum ne kawai a lokacin, ana iya sa matsayin zama: mende qalam bardı 'akwai alƙalami a wurina'. Kalmar at, ban da 'doki', tana kuma nufin 'suna', saboda haka meni atım 'dokina' ne ko 'sunana', zance ne kawai zai nuna.

Abin da ya yi daidai da doguwar mallaka ta Hausa ana gina shi ne a kan siffar nasaba, a ƙara mata -qı ko -ki: meniki 'nawa', seniki 'naka', anıqı 'nasa', bizniki 'namu', ustaznıqı 'na malam'. Bu üy menikidi 'wannan gida nawa ne'. Wannan ma wata ƙaramar shaida ce, domin ma'anar da ke cikin meniki ta meni mai mallaka ce, babu yadda za a fitar da ita daga meni wanda aka yi wa aiki. Makamancin wannan ɗafi yana hawa kan matsayin zama ya ba da sifa: tawdaghı 'wanda ke kan dutse', eldegi 'wanda ke ƙauye'. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ta daskare ta zama suna mai zaman kansa: üydegi, a zahiri 'wanda ke cikin gida', ita ce kalmar da ake kiran iyalin mutum da ita, kuma tana ɗaukar ɗafin mallaka da na matsayi daga farko kamar kowane suna, har a ce üydegisine 'ga iyalinsa', inda ɗafin zama yake a tsakiyar kalma, ɗafin dosa kuma a ƙarshenta.